Tsawar Baba da Abin da Ke Ƙarƙashinta

Babanmu mai injin niƙa ne, kuma injin ya cinye masa rabin ji tun ba a haife ni ba. Shi ya sa bai iya magana ba, sai tsawa. Ko "ina kwana" ya ce, sai kajin maƙwabta sun watse. Ni kuwa da na tashi, duk sana'o'in duniya na rasa wadda zan kama sai ta rage wa mutane murya. A gidan rediyo nake, cikin ɗaki mai soso a bango. Baƙo ya kwarma ihu in danne, ya koma ƙus-ƙus in ɗaga. Wai ni nan injiniyan sauti.

Baba bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. "Malam Murza" yake kirana. "Ƙato da kai, ka wuni kana murza maɓalli! Ni ko rediyon naku ba na kamawa!" Ana dariya ina yi, amma wallahi abin yana ci mini rai. Burina ya ce ya ji aikina ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah bai faɗa ba.

Bayan rasuwarsa yayarmu ta tattaro saƙonnin murya da yake aiko mana ta waya. Ta ce, "Tunda kai ne gwanin murzawa, haɗa mana su, jikoki su san muryar kakansu."

Na zuba su a kwamfuta, ma'aunin ƙara ya haye ja ya ƙi saukowa. Sai na kafa masa iyaka, duk tsawar da ta taso ta bugi rufi ta dawo. Karon farko ke nan da na ce Baba ya rage murya, ya kuma rage. Har wata ƙasaita na ji, ni kaɗai a ɗaki kamar sakarai.

To, a aikinmu in ka danne sama, sai ka ɗaga sauran gaba ɗaya, abin da ke ƙasa ya fito fili. Baba kuwa in ya gama magana bai iya ɗage yatsa daga maɓallin naɗar murya da wuri ba, ni kuma da tsawa ta ƙare nake kashe saƙon. Yanzu sai ga ƙarar fanka, ga takun Inna, ga kuma taken tasharmu daga rediyo can a baya. Sannan wata murya ƙasa-ƙasa da ban san Baba yana da ita ba:

"Ke, matso mini da shi nan. Kin ji yadda magana ke fita tas? Duk tashoshin nan tasu kaɗai nake ji ba sai an ƙure ba. Hannun yaron nan ne."

Na yi kuka har da majina, a kan na'urar mutane.

Da na je gida na tambayi Inna, ta ce ai kullum rediyon yana manne da kunnensa mai ɗan dama-dama. Na ce, "Haba Inna, ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Au, kai da sauraro ne sana'arka?"

Na mayar wa jikoki tsawarsa yadda take, ban rage ko kaɗan ba. Wannan wurin kaɗai na ɗaga.