Ƙarfen da Ke Hannun Baba

Injin niƙan Inna ya tsaya ana saura 'yan makonni azumi. A gidanmu na unguwar Harra ta Yamma, nan birnin Manzon Allah, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da shi take niƙa wa matan unguwa yaji da gero da gyaɗar kunu, cikin ƙararsa kuma muka girma. Baba ne ya saya mata shi a hannun wani mutumin Chadi tun ba a haife ni ba. Lokacin da ya tsaya, Baba bai daɗe da rasuwa ba.

Abin da ya karye wani ƙarfe ne mai murɗi da ke can ciki, shi ke tura hatsi gaba. Halazon muke ce masa. Yayana ya naɗe gutsattsarin a jarida ya tafi Jidda neman irinsa, ya dawo ba sabo ba tsoho. Wai a motar haya ya mance su. Mutum da gemunsa! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

"Halas, shi ke nan, Inna, a sayi sabon inji mana," in ji shi.

"Ni na ce maka sabo nake so?" Ta lulluɓe injin da tsohon zane, ta koma ɗaki. Daga ranar gidan ya yi tsit, irin shirun da ba na so.

A lokacin ina aiki a wani ofishin zane kusa da Anbariyya, ina zana bututun gini a kwamfuta. Bayan ofishin akwai wani Bahaushen Sudan mai maharaɗa, injin da ke sassaƙa ƙarfe. Ya saurare ni ya ce, "Ɗan'uwa, kawo tsohon, ko ka kawo zane da awo. Ni ban san gaibu ba."

Na gaya wa Inna. Washegari ta miƙo mini wasu hotuna daga gwangwanin biskit. Ashe shekarun baya, da ƙarfen ya fara cinyewa, Baba ya ciro shi ya sa maƙwabcinmu ya ɗauke shi hoto don a nuna wa 'yan kasuwa. Baba kuwa ba ya son hoto ko kaɗan. Sai da ya ja kunnen mutumin cewa ƙarfe kawai zai ɗauka. Shi ya sa a kowanne ga halazon, ga hannun da ke riƙe da shi, ga ƙirjin farar riga, daga nan sama babu komai.

Na shigar da hotunan kwamfuta. In an yi la'asar ofis ya watse, sai in zauna ni kaɗai, na'urar sanyi tana gurnani, rana tana shigowa ta labule rawaya-rawaya. Aikin a baki ba wuya: ka bi gefen ƙarfen da layi a wannan hoto, ka bi shi a wancan, ka haɗa su har abu ya tashi da jiki. Amma in na ƙara girman hoton, yatsun Baba ne ke cika allon. Ga tabon da wuƙa ta yi masa a Badr wajen saran dabino. Ga baƙin mai a gindin farce. In na ƙara matsowa sai fatar ta watse ta zama 'yan murabba'ai masu launin ƙasa, in tsaya ina kallo, ban san inda hankalina ya tafi ba. Wallahi wani lokaci har ƙanshin turarensa nake ji, gauraye da man inji. Sai kiran magariba daga masallacin Anbariyya ya dawo da ni.

Wani ɓangaren murɗin yana ƙarƙashin yatsunsa a duk hotunan. Nan sai dai in ci gaba da layin yadda ya taho, in sadar da shi inda ya ɓullo. Sau da yawa na ji kamar in ce, Baba, ɗan ɗaga yatsa mana.

Saura awo. Hoto ba ya gaya maka girman abu sai akwai wani abin da ka san girmansa a ciki. Ramin da halazon ke zama ya zaizaye, ban yarda da shi ba. Ina ta dube-dube sai idona ya faɗa kan zoben azurfar da ke ƙaramin yatsansa.

"Inna, zoben Baba yana nan?"

Ta dube ni. Sannan ta kwance ƙullin da ke bakin mayafinta. Ashe kullum yana jikinta, ba mu sani ba. "Ba zai fita gidan nan ba," ta ce. A tafin hannunta na auna shi da ma'aunin ofis. Daga faɗin zoben nan na fitar da tsawon ƙarfen da kaurinsa da tazarar murɗinsa, duka.

Mai maharaɗa ya sassaƙa shi, ya ɗan goge nan da can, ƙarfen ya shiga raminsa. Injin ya tashi kafin a ga wata, matan unguwa suka dawo da kwanukansu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma ba wannan ranar na fi tunawa ba.

Kafin in kai zanen, na roƙi maigidana na ofis ya ara mini kwamfutar in nuna wa Inna. Yayana na sa ya ɗauko allon, ƙato mai nauyin tsiya, ya hau da shi bene yana haki. Ko tausayinsa ban ji ba. Muka ajiye a tsakar ɗaki, Inna ta zauna a kan darduma ta gyara tabarau.

Halazon ya bayyana, toka-toka, yana shawagi ba abin da ke riƙe da shi. Na ja maus, ya juya a hankali, ya nuna bayansa, ya nuna ƙasansa.

"Subhanallahi," ta ce. "Har bayansa? Ai bayan ba ya cikin hoton."

"Na fitar da shi, Inna."

Ta gyaɗa kai. A gefen allon hoton Baba yana buɗe, hannu da farar riga. Ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin daidai inda rigar ta yanke.

"To, wannan fa. Ɗaga shi sama kaɗan, ɗan nan. In ga fuskarsa."

Yayana ya tashi ya fita. Ni kuwa na san babu, amma hannuna ya tura maus ɗin. Rigar ta sauko, ta sauko, sai fili kawai.

"Nan ya ƙare, Inna."

Ta ci gaba da kallon filin, tana jira ko zai zo. Can ta ce, "Ɗayyib. Mayar da shi kan hannun."

Na mayar. Muka zauna muna kallo har aka kira salla.