Yadda Muka Sayo wa Yaya Nafisa Laftof

Sabon Birni

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka fito daga gida: Baba, Yaya Nafisa da ni. Yaya ta samu gurbin karatun likita a Sakkwato, an ce sai da laftof. Baba ya sayar da sansa guda, kuɗin na ɗaure a lalitarsa. Ya ce sau ɗaya za a yi tafiyar, don hanyarmu ba ta yawan kai-da-kawo ba ce. Ni riƙon jaka ne aikina.

Mun zauna a tasha har bakwai da kwata, domin direbobi ba sa tashi sai motoci sun taru, a bi juna, saboda 'yan bindiga.

Isa

Takwas da minti ashirin muka iso Isa, muka sha koko da ƙosai. Direba ya ji abin da ke tafe da mu.

"Alhaji, ka san na'urar da za ka saye?"

"Shekara talatin ina awon gero," in ji Baba. "Abu na ƙwarai ga nauyi aka gane shi."

Yaya ta ce a hankali, "Baba, batir anka ce a duba. Makaranta ma wuta ba ta zama."

"To, mai nauyi ai ita ad da babban batir."

Daga Isa kowa ya yi shiru. Matar da ke gefena tana jan carbi, ni ina ƙirga shingen jami'an tsaro, na samu biyar. Sai da muka hau babban titi direba ya kunna rediyo, na ji Yaya ta saki hannuna.

Sakkwato

Sha biyu da rabi muka sauka gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka, bayan azahar 'yan kabu-kabu suka kai mu shagon kwamfutoci na hannu.

Biyu ne kuɗinmu zai iya saya: wata baƙa, ƙatuwa, da wata siririya ruwan toka mai karce a murfi. Baba ya ɗaga kowace a tafin hannu, ya jinjina, ya ce baƙar. Yaya ta sunkuyar da kai. Har Baba ya fara kwance lalita.

Ni kuwa hannun mai shago nake kallo. Duk sanda aka motsa baƙar, sai ya danne igiyar cajinta da babban yatsa. Siririyar ba igiya a jikinta, kuma tana kunne. Na raɗa wa Yaya.

"Mi kika cewa, Rabi?" in ji Baba. "Ɗaga murya."

Na ce, "Baba, kai ba ka sayen buhu sai ka soka mai ƙarfe ka ga abin da ke ciki. A cire igiyar mu gani."

Baba ya dube ni, ya dubi mai shago, ya zare igiyar da kansa, ya sa ido a agogonsa. Minti tara, baƙar ta mutu.

"Batir ne kawai, Alhaji, ana canzawa," in ji mai shago.

"Daga Sabon Birni za ni dawo canji?"

Baba ya ja benci ya zauna. Yaya ta kunna wa siririyar bidiyon yadda zuciya ke bugawa. Muka yi la'asar muka dawo, zuciyar nan tana ta bugawa. Sa'an nan Baba ya biya.

Gida

Mun kwana wurin Gwaggo. Washegari muka taso ƙarfe takwas, muka shiga gida biyu saura. Inna ta karɓi laftof ɗin da hannu ɗaya, ta juya ta.

"Wanga ɗan faifai shi na sa guda?"

"Rabi ta soke shi," in ji Baba. "Tsaba ce, ba ƙaiƙayi."

Kwananmu shida ke nan ba wuta a unguwa. Yaya ta buɗe murfin a tsakar gida, allon ya kawo haske. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Gwaggo da direbanmu.