Asabarin da Malam ya saki tsakanina da shi

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a irin wannan lokaci na marka, da rasuwar maigidana. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara a jarida ba. Malam nake ce masa, haka duk mutanen Rurum Tsohon Gari ke ce masa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Rabi ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda, a gidan aurenta da ke Tarai. Tana zaune a bakin ɗakinta, ni ina can ƙarƙashin rumfa, sai na ɗaga murya take ji, saboda mura nake yi. Wannan ratar da ke tsakaninmu ita ce ta sa na ce a ɗauko biro.

Malam manomi ne, gyaɗa da dawa, ba wani babban malami ba. Amma Allah ya ba shi farin jini wajen tofi. Da hantsi za ka ga mata a zaurenmu da goyo, wannan ɗanta ya ƙi nono, waccan nata yana firgita. Sai ya ɗora tafin hannunsa a maɗigar yaro, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa masa a fuska da ƙirji. Ko goro aka miƙo masa sai ya ce a kai wa 'Yar Madachi, wato ni, don daga can aka auro ni, kuma da sunan ya kira ni har ƙarshen ransa.

Da Rabi ta yi haihuwar fari, gida ta dawo wanka kamar yadda aka saba. Namiji ta haifa, mai yawan gashi. Malam bai taɓa ɗokin wani yaro kamar wannan ba. Kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya tsaya a ɗakin mai jego, ya karɓi yaron, ya tofe shi tun daga kai har ƙafa. A daminar nan Malam yana ɗan tari da yoyon hanci, wanda bai hana shi gona ba ko kwana ɗaya. Wa yake lissafin mura a cikin cuta? Sai yaron ya fara atishawa, muna dariya muna cewa ya gaji kakansa. Daga baya ya daina kama nono, haƙarƙarinsa yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri. Bai kai arba'in ba. Muka ce kwanansa ne ya ƙare, kuma haka ne, ban taɓa shakka ba.

Rabi ta ajiye biro a nan. Na jira ta.

Bayan wasu shekaru mijinta ya bar ta ta yi karatun aikin asibiti. Ranar da ta fara zuwa mana da farin kayanta, matan unguwa suka cika tsakar gida bayan la'asar, suna tsokanarta da likita bokan Turai, kowa da tambayarta. Wata ta ce ita dai ta san ruwan randa mai sanyi ne ke sa mura. Wata ta ce in ba a yi mata allura ba murarta ba ta tafiya. Rabi tana dariya tana ba su amsa, cewa mura ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, kuma kafso da allurar da ake nema a kemis ba sa kashe irin wannan ƙwayar. Ta ce hutu take so da yawan shan ruwa da abu mai ɗumi, ita da kanta take tafiya in ta yi kwanakinta. Malam yana gefe yana gyara ƙotar fartanya, kamar ba ya ji. Can sai ya ɗago.

"Rabi, in ba ruwa ke kawo ta ba, ta ina take shiga mutum?"

"Daga wani mutum, Baba. In mai ita ya yi tari ko atishawa, ko ya matso da numfashinsa kusa da fuskarka. Ko ya share hanci ya ba ka hannu, kai kuma ka shafa ido."

"Ko da shi mai ita yana jin ƙarfinsa?"

"Ko da bai ma san ya kamu ba. Abin da babba zai yi noma da shi, shi ne zai iya kayar da jariri ko tsoho."

Ya juya ƙotar a hannunsa. Sannan ya ce, "Har a numfashin mai addu'a?"

Rabi ta ce, "Baba, ita ba ta san abin da mutum yake faɗa ba."

Ya jingine fartanyar, ya sa takalmi, ya fita masallaci, alhali ko alamar kiran magariba babu.

Daga ranar Malam bai ƙara tofa wa ɗan kowa ba. Mata suka ci gaba da zuwa, sai ya sa su tsaya daga bakin zaure, shi yana can ciki, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce su shafa. In sun nace sai ya ce Wanda ake roƙo yana ji daga nesa. Wasu suka ce Malam ya fara rowar albarka, wasu suka ce wani sabon ra'ayi ya shiga. A hankali zauren ya zama babu kowa. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba, har ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma na lura duk ranar Juma'a in ya dawo daga maƙabarta, gwiwoyin wandonsa da jar ƙasa, kuma na san gefen da ake binne yara ne ke da irin wannan ƙasar.

Na ɗauka Rabi ba ta san wannan ba. Yanzu take ce min, "Inna, tun a ranar na gane. Na ga fuskarsa. Da maganar tana komawa baki da na mayar da ita." Ta ce in bari ta rubuta wani abu da bakinta, na ce ta rubuta: babu wanda zai iya cewa daga wurin wa yaron ya ɗauka. A daminar nan ita ma ta yi murar, ni ma na yi, 'yan barka kuma sun cika ɗakin, kowa sai ya ɗauki jariri ya sumbace shi. Gaskiya ta faɗa. Sai dai wanda ya kamata ya ji wannan yana ƙarƙashin ƙasa.

Ciwon ajalinsa ma da mura ya fara. Ya dawo daga maimai a gona ruwa ya dake shi, mutane suka ce ai ruwan ne. Shi ya ce a'a, mutumin da suka zauna kafaɗa da kafaɗa a mota daga kasuwar Rano ne, yana ta tari an rufe gilasai. Wannan karon ba irin murar da muka sani ba ce. Lokaci ɗaya ta buge shi, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai, har ya kasa tsayuwar salla. Rabi ta ce wannan ita ce mura mai tsanani, 'yar'uwar waccan ce amma ba halinsu ɗaya ba.

Ranar da ya kwanta, da hannunsa ya saki asabarin ƙofar ɗakinsa. Ya ware kwanonsa da moɗarsa da butarsa. Ya ce in riƙa ajiye abinci a bakin ƙofa in koma. Ni tun ƙuruciya ina da ciwon ƙirji, in ya tashi sai an kwana ana yi min fifita, kuma ya sani. Ɗanmu Habu kaɗai ya yarda ya shiga, shi ma sai ya naɗe hanci da baki da rawani, in ya fito ya wanke hannu da sabulu. 'Yan dubiya suka zo, ya sa aka tsayar da su a zaure. A garin da ake cewa zumunci a ƙafa yake, mutum ya tako har gidanka ka hana shi ganinka, ai ka san za a yi magana. Amininsa Alhaji Sule direba ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Malam, sarauta aka ba ka ba mu sani ba, sai an nemi iso?" Daga ciki Malam ya ce, "Kai da ka fi kowa kwasar mutane, tafi da lafiyarka." Suka yi dariya, dariyar ta koma masa tari.

Na roƙe shi. Na ce shekara nawa ina jinyarka, yau ne zan zama baƙuwa? Na kai hannu zan ɗaga asabarin, sai ya ce, "'Yar Madachi, in kin shigo ban yafe ba." Bai taɓa gaya min irin wannan kalma ba tunda aka kawo ni gidansa. Na saki. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar, nan na wuni kwana da kwanaki, ina jin tarinsa, ina ganin inuwar ƙafarsa ta tsakanin karan asabari. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni an hana ni fuskar.

Habu ya sayo kafso a kemis, bai yi komai ba. Mun yi ta cewa gobe zai ji sauƙi, ai mura ce. Da aka aika wa Rabi ta zo ta saurari numfashinsa, ta ce ciwon ya sauka huhu, asibiti za a tafi yanzu. Habu ya fita neman motar Alhaji Sule, Rabi ta shiga haɗa kaya. Hantsi ne, ana yayyafi. Ina zaune a wurina ina tsintar wake, sai na ji tarin ya lafa. Wallahi daɗi na ji. Na ce alhamdulillahi, ya samu barci kafin mota ta zo, har na yi wa Rabi alama ta rage motsi. Ban san tsawon lokacin da na yi ina gadin barcin da ba barci ba ne.

Abin da ke bina ke nan har yau. Ba tarin ba, shirun. In yaro yana tari a gida ya yi shiru, sai na tashi na je na sa hannu a hancinsa. In ana yayyafi da hantsi ba na iya tsintar wake. Asabarin yana nan a ƙofar, ya tsufa ya zube ta gefe, Habu ya yi ya yi in bari a canza na ƙi. Wani lokaci in na wuce sai in ga kamar inuwar ƙafa a bayansa. A zaman makoki na ji wata tana raɗa cewa mutum ya cika matarsa tana waje kamar maƙwabciya. Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan duk tsawon takabata: wanda ya so ka, zai hana ka riƙe hannunsa a ƙarshe?

Da korona ta zo aka ce kowa ya sa takunkumi, a daina musabaha, a ba da rata, Alhaji Sule ya zo gaishe ni, ya tsaya daga zaure, ya ce, "Hajiya, ashe Malam ya riga gwamnati." Ya yi dariya, sannan ya share ido da hularsa. Na yi zaton daga nan mutane sun koya. Ina! Yau ga shi an koma gidan jiya. Mutum ya fyace hanci da hannu ya miƙo maka gaisuwa. Moɗa ɗaya a bakin randa, mai tari ya sha, mai goyo ta sha. Yaro na numfashi sama-sama ana cewa a bari a gani zuwa gobe, kamar yadda muka ce. Da Malam zai leƙo, na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai ja da baya kaɗan, ya sa hannu a ƙirji ya yi gaisuwa daga nesa, a sake cewa yana da girman kai.

Abin da ya kawo ni Tarai shi ne Zainabu, 'yar Rabi da ta haifa bayan wancan yaron, ta yi haihuwar fari, ta zo wanka gidan uwarta. Namiji. Ranar suna aka raɗa masa sunan Malam. Tun da aka aiko min nake shiri, na ce zan karɓe shi in karanta masa abin da na ji Malam yana karantawa, in tofe shi da kaina. Ana jibi suna na tashi da maƙogwaro yana ƙaiƙayi, kashegari hanci ya buɗe.

Na zo duk da haka. Ɗakin mai jego cike da mata, ana ta guɗa. Ƙanwar mijin Rabi ta hango ni ta ce, "Ga amarya ta iso. Hajiya, shigo ki karɓi angonki, tun ɗazu yake cigiyarki." Aka yi dariya. Zainabu ta ɗago shi daga cinyarta, ta nufo ƙofa da shi, tana cewa, "Kaka, ga Malam ɗinki ya dawo." Na ga gashin kansa, irin na wancan. Hannuwana da kansu suka miƙe.

Ban san lokacin da na ce, "Tsaya nan, kada ki matso" ba. Da ƙarfi na faɗa. Na ga fuskar Zainabu ta canza, idonta ya kawo ruwa, kuma na san wannan kallon, domin na taɓa yin sa a bakin wata ƙofa. Na kai hannu na saki labulen ɗakin tsakanina da su. Daga waje na ɗaga hannu na yi addu'ar, na ce su shafa masa.

A tsaye a wurin na gane abin da shekara goma sha ɗaya ba su gaya min ba. Ina tsammanin ni kaɗai na sha wuya a bakin asabarin nan. Ban taɓa tunanin yadda na ciki yake ji ba, yana jin motsina, yana ganin inuwata, yana da bakin da zai ce shigo, ya danne. Ni kwana kaɗan aka ce in yi haƙuri, ga shi ina ji kamar ana zare min rai. Shi ya san mai yiwuwa ba zai fito ba.

Malam bai bar dukiya ba. Gonar an raba, zauren da mata ke cika yanzu buhunan taki ne a ciki, masu tuna tofinsa sun fara ƙarewa. Abin da ya bari shi ne ni, tsohuwa mai ciwon ƙirji da ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya har ta ga wannan yaro. Allah ya jiƙansa, ya sa shi da jikansa na fari suna wuri ɗaya, inda babu abin da zai hana shi ɗaukarsa.

Rabi ta ce in tarin ya tafi sarai, in wanke hannu, za ta miƙo min shi da kanta. Ina jira. Daga nan rumfar ina jin kukansa ta bayan labule, kuma duk sanda ya yi shiru sai na ce ta ajiye biron ta je ta duba.