Si Lahbib Da Kujerar Hajjin Lalla Zuhur

Kafin motocin kifi su gama hawowa daga tashar jiragen ruwan garin Asfi, Si Lahbib, wato Malam Lahbib, ya riga ya kafa teburinsa a gindin bangon gidan waya. Keken rubutu a dama, shayin na'a-na'a a hagu, tabarau ɗaure da zare. Shekara arba'in da ɗaya yana rubuta wa masu ƙaramin karatu takardun koke. Da zamani ya juya, sai suka koma miƙo masa waya: "Si Lahbib, duba min me aka ce." Ƙarshen watan nan zai naɗe teburin don idanu sun gaji, kuma abin kunya, ko takardar yabo babu wanda ya taɓa ba shi.

Ko ya cancanci yabon? A tambayi Lalla Zuhur, wato Malama Zuhur, mai aiki a masana'antar kifin gwangwani. Shekara goma sha ɗaya tana saka suna a ƙuri'ar aikin Hajji, sai bara ya fito. Wata Juma'a da la'asar ta iso teburin tana haki. Saƙo ne ya shigo imel ɗin da 'yarta ta buɗe mata: ta tabbatar da lambar fasfo da kalmar sirrinta cikin awa ashirin da huɗu, in ba haka ba a ba wani kujerarta.

"Cike min da sauri, don darajar iyayenka!"

Bai ko kalli jikin saƙon ba. Sunan mai aikowa ya danna, ya kai wayar dab da hancinsa, ya ajiye.

"Lalla, wannan ba daga ofishin Hajji ya fito ba."

"Ga tambarinsu kana gani!"

"Tambari ko ni sai in manna miki shi a buhun gawayi. Dubi adireshin, tarkacen haruffa ne. Tun ina da gashi nake rubuta wa ofisoshi. Ba su taɓa ce min 'abokinmu mai daraja' ba, ban taɓa ganin suna sauri ba, kuma ba sa neman makullin ɗakin mutum. Kalmar sirri makulli ce."

Ana haka sai ga Si Jilali mai kantin magani, wanda shi ma sunansa ya fito, ya leƙo yana dariya. "Ni tun safe na cike nawa. Hajiya, kar ki biye wa tsohon nan, iyakar iliminsa keken rubutu."

Ofis ya tashi, ba za a buɗe ba sai Litinin, wa'adin kuwa gobe zai cika.

"In kujerata ta tafi fa, Si Lahbib?"

"Ki tsaya nan gaban jama'a ki tsine min. Amma hannuna ba zai cike wannan ba."

Ta fizge wayarta ta tafi ba sallama. Kwana biyu abinci bai wuce mata ba. Sau uku ta ɗauki wayar za ta kai wa maƙwabciya ta cike mata, sau uku maganar makullin nan ta dawo mata. Unguwa kuwa ta yi caa a kansa, wai tsufa ya sa shi taurin kai zai hana baiwar Allah ganin Ka'aba.

Ranar Litinin bai kafa tebur ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ya taka da ita har ofis. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Sunanki na nan, Hajiya. Mu ba mu aika wa kowa komai ba." Nan Lalla Zuhur ta zauna daɓas a ƙasa, tana salati.

Suna dawowa suka tarar da ƙanin Si Jilali ya iso daga Agadir idanu jawur. An ƙwace imel ɗin mai maganin, an rubuta wa danginsa kaf da sunansa cewa yana asibiti rai a hannun Allah, a agaza da kuɗi. Ga kuma Si Jilali tsaye a kanti lafiya lau, baki buɗe. Mutum mai digiri! Kowa ya riƙe haɓa.

Si Lahbib, kai ne ka yarda a zage ka kwana uku don kar a cuci wadda ke fushi da kai. Kai ne da Si Jilali ya zo kansa a ƙasa, ka jawo masa kujera ka rubuta masa takardar ƙorafi. Mai alƙalamin talakawa, mun gode. Masu kaifin ido kuma, ku zauna kusa da tsofaffinku yadda ya zauna, ku duba wanda ya aiko kafin ku duba abin da ya ce.

Makon jiya Hajiya Zuhur ta kawo masa dabinon Madina da wani sabon saƙo. Yana laluben tabarau ta ce, "Bari." Ta danna sunan mai aikowa, ta haɗa haruffan a hankali, ta taɓe baki.

"Shi ma makulli yake nema, ɗan banza."

Ta goge da kanta. Si Lahbib ya share ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin masu gashin kifi ne.