Siron Cin Abinci da Rumbun Surukina

A lokacin ni ne majo, wato shugaban ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙasar Madarunfa, sabon ango, ga farar riga, ga jin kai. Sai wani wakilin kamfanin magani ya fara zuwa daga Maraɗi, mai ƙamshin turare da zaƙin baki. Yau ya kawo agogon bango, gobe alƙalami, jibi ya gayyace ni cin kaza, kowace kyauta tafe da sunan wani siro, wato maganin ruwa, mai sa cin abinci. Bai taɓa cewa in rubuta shi ba. Amma sunan yana bango, yana aljihuna, har hannuna ya haddace shi. Mai tari siro, mai ciwon kai siro. Wallahi da jaki zai shigo, da shi ma ya samu kwalba.

Ana tsakiyar damina, lokacin da kowa ke auna hatsi da tsoro, sai ga surukina ya shigo yana ɗingishi. Kunya ta rufe ni. Ta yaya zan ce wa uban matata ya ɗage wando in taɓa gwiwarsa? Na sunkuyar da kai, shi ma ya kalli ƙofa, muka ƙare a gaisuwa da tambayar gona. Na rubuta abin da hannu ya saba.

Tsoho ya sha da imani. Gwiwa ba ta sace ba, ciki kuwa ya buɗe. Tuwon dare, ɗumamen safe, furar jikoki, babu abin da ya tsira, rumbun da ake lallaɓawa har kaka ya fara nuna ƙasa. Surukata ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora tsohon a amalanke ta aiko mana, da saƙon cewa wanda ya buɗe cikin ya cika shi. A gidana na ga gwiwar da idona, ta kumbura ta tara ruwa. Na kai shi Maraɗi, babban likita ya tambaya wane sakarai ne ya duba shi da farko. Na ce ban san shi ba.

'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, ku ji tsoron kyautar da ke ɗauke da sunan magani, ku duba mara lafiya ko da kunya za ta kashe ku. Surukina da sanda yake tafiya yanzu. Har yau bai zarge ni ba, yana ma gaya wa mutane cewa mijin 'yarsa babban likita ne, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata.