Baƙin Layin da Bibi Zuwena Ba Ta Ja Ba

Salamu alaikum mutanena na wannan shafi. Masu turo min saƙo wai Tausi ta yi shiru, ko an yi sabon saurayi ne, wallahi ba haka ba ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bibi Zuwena ce Allah Ya yi wa rasuwa, ranar Talata sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, a gidanta da ke unguwar Temeke. Washegari aka kai ta makwancinta.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce tsohuwar nan da ke zama kan kujera a gidan adana zane-zane tana hana mutane taɓa bango. Bara ni da ƙawayena Pili da Sikujua muka hau daladala, motar hayar garinmu, muka je, kuma in faɗi gaskiya ba kallo ya kai mu ba, hoton ɗorawa muka je ɗauka. Na tsaya gaban wani zane na mata masu sayar da kifi na ce, "Pili, wannan ai ko ni sai in zana shi."

Sai na ji murya a bayana: "To sarkin baki, zo gidana ran Asabar ki zana mu gani."

Ashe ke kika zana shi, Bibi, tun ba a haifi mamata ba. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Amma na je. Kika ba ni guntun allon silin da fentin keke gwangwani huɗu. Kika ce shi wannan fentin kala ɗaya ake shafawa, a bari ya kwana ya bushe, sannan a ɗora wata. Ni da ko hoto ya yi jinkirin buɗewa sai na yi tsaki! Na lafta duka rana ɗaya, teku da kifi da matan suka narke suka koma kalar kunu. Kin yi dariya har da hawaye, kika ce, "Ɗauke shi mana, ki nuna wa mutanen cikin wayar taki." Sannan kika zuba min shayi, kika turo mandazi, irin fanken nan namu, kika miƙo wani allon.

Shekara guda duk Asabar ina gidanki. Na koyi haɗa kala, na koyi jira. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba: baƙin layin ƙarshe da ake zagaye komai da shi, mai fito da ido da yatsu. In ya karkace, garin gogewa sai a ɓata na ƙasa. Kullum sai in ce ba zan iya ba, in tura miki buroshi. Ki harare ni, ki ce "Ragguwa kawai," ki ja min.

Duk shekara gidan zanen nan na ware bango ɗaya don sababbin hannu, kuma kin rubuta sunana ko shawara ba ki yi da ni ba. Juma'ar nan ake rufe karɓa. Shagon kitson da nake aiki na zana, an gama komai sai baƙin layi. Mun yi da ke Asabar za ki ja.

Bayan rasuwarki Sikujua ta ce, "Ke dai kai wa masu zanen bakin titi, minti goma sun gama miki." Na ɗauki allon har na kai tasha. Daladala uku suka wuce ina tsaye. Bangon na sababbin hannu ne, kuma sunana kika rubuta, ba na wani ba. Na juyo gida.

Yau da safe na ja na farko da kaina. Kunnen wata mata ya fi ɗan'uwansa girma. Ban goge ba. Saura fuska shida, saura kwana huɗu. Ko kowaccensu za ta fito da karkataccen hanci, Bibi, ranar Juma'a zanen nan zai shiga gidan nan.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Anti Mwanaisha, 'yarta tilo, da jikoki da duk mutanen Temeke, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Duk wanda Bibi ta taɓa daka wa tsawa don ya taɓa bango, ya rubuto a ƙasa yadda suka yi. Zan karanta wa iyalanta ranar arba'in.