Mai Dama wa Ƙuda Kunu

Har yau ina tambayar kaina: don ni Yohanna ya yi ƙaryar nan, ko don kansa? Rifkatu 'yata, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara.

Ku 'yan cocinmu na unguwar Catford kun san mijina, ba a kashe ƙuda a gabansa. Shekara talatin yana kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ayaba a ɗakin binciken wata jami'a, inda masana ke duba yadda ɗa ke gadon kamannin iyayensa. Shi ke dama musu kunu da garin masara da yis. Ni kuwa ko ruwan shayi bai taɓa dafa mini ba!

Na ce, "Baban Rifkatu, ni ma fa Allah ne ya halicce ni."

Ya ce, "Ke kina da hannu."

Wani lokacin sanyi injin da ke ɗumama su ya lalace. Sai ga shi ya sauko daga bas, aljihunan kwat cike da kwalaben ƙudajen. Ya jera su a ɗakin kwananmu, ya kunna hita mai ɗumama ɗaki, ya hana kowa taɓa ta.

Na ce, "A kan ƙwari za ka gasa mu?"

"Ƙwari? Saratu, kakanninki nawa kika sani? Waɗannan na san nasu har ɗari biyar!"

Kwana tara muka yi da baƙin nan, ko kwalba ɗaya ba ta lalace ba. Da farfesansu ya buga takarda a kansu, Yohanna ya kawo ta gida. Ni ban yi boko ba. Na ce, "Ina sunanka?" Ya ɗora yatsa can ƙasa, ya ce, "Ga shi." Na rangaɗa guɗa, na naɗe ta a zanen aurena, na sa a akwati.

Bayan jana'izarsa na ba Rifkatu takardar ta karanta mini. Ta duba gaba, ta duba baya. Ta ce, "Mama, wannan adireshin jami'ar ne."

Na yi kukan da ya fi na ranar binne shi.

To, Rifkatu, rubuta sunansa nan da manyan baƙaƙe: YOHANNA BULUS. Ya Ubangiji, kai da ba ka mance sunan kowa, ka ba shi hutu.

Ranarsa ta ƙarshe a asibiti, wani ɗan ƙuda ya sauka kan ayabar da na kai masa. Na ɗaga hannu, sai ya riƙe ni.

Ya ce, "Saratu, bar shi ya ci. Tare muka yi aiki."